Katin Umma

Abu na farko da idona ya tsaya a kansa a Alƙahira maciji ne. Muna cikin tasi daga filin jirgi, Abba a gaba yana fama da direba da Larabcinsa na littafi, ni da Umma a baya. Sai na hango wani koren allo a saman shago, an zana ƙoƙo mai doguwar ƙafa, maciji ya naɗe shi ya leƙa kansa ciki. Kafin mu sha kwana na ga wani. Muka ƙara gaba na sake ganin wani. Na taɓa gwiwar Umma na nuna mata.

Ta ce, "Mutanen da ke tallar maciji a bakin titi, Allah Ya raba mu da su lafiya."

Abba ya waiwayo ya ce alamar kyamis ce, su a nan saidaliyya suke cewa. Umma ta ce, "To, ashe garin ya san da zuwana."

Ciwon suga ya daɗe a jikinta, kullum sai ta yi wa kanta allura. Ƙarshen shekarar 2011 ke nan. Abba ya samu gurbin ƙaro karatun shari'a, ya riga mu zuwa, sannan ya dawo Kano ya ɗauke mu. Ni kaɗai suka haifa, lokacin ban daɗe da shiga sakandare ba.

A Ainu Shams muka sauka, unguwar da haya ke da sauƙi. Kafin zuwanmu dillali ya nuna wa Abba ɗakuna a hawa na farko, masu taga a kan titi, saboda ƙafafun Umma. Da muka zo da kaya, mukullin da ya miƙo na hawan ƙarshe ne, can ƙarƙashin rufi. Abba ya yi ta kawo masa hujja, shi kuwa yana dafa ƙirji yana cewa ma'alish, wato a yi haƙuri. Wannan ita ce kalmar Misira ta farko da na koya, na kuma gane cewa idan aka faɗa maka ita, magana ta ƙare. Umma ta ɗaga kai ta dubi matakalar, ta tattare hijabinta, ta fara hawa. A kowane hawa sai ta tsaya ta riƙe ƙarfe, ta yi kamar ƙofar mutane take kallo.

A hawan da ke ƙasan namu wata doguwar mata ta buɗe ƙofa, da jaririya a kafaɗa. Ta dubi Umma sama da ƙasa ta ce, "Daga ina?"

"Kano."

"Shi ke nan, benen nan ya ga ta kansa. Bari in ɓoye tukwanena kafin a saye su a sayar mini."

Umma tana haki ta ce, "Wannan baki sai Damagaram. Ba ni ruwa tukuna, na rama daga baya."

Ita ce Tanti Fati. Mijinta yana saro kaya a kasuwar Ataba yana aikawa Nijar. Jaririyar kuma Amira. Tun daga ranar, tuwo ba ya sauka a gidanmu bai leƙa gidansu ba.

An saka ni a makarantar 'yan mata, tafiyar ƙafa ce daga gida. Ban taɓa zama mai surutu ba ko a Kano, a nan kuwa sai bakina ya rufe gaba ɗaya. Yara a hanya suna bina da "shokolata", wato cakulan, saboda launin fatata. A aji wata ta lashi yatsa ta goga a bayan hannuna, ta duba ko wani abu ya fita. Ban gaya wa kowa ba. Na koyi kallon ƙasa, da kallon abubuwa maimakon mutane: kwandon da mata ke zurowa da igiya daga taga mai gurasa ya saka musu, tsohon da ke buga tukunyar gas da ƙarfe yana yawo, magen da ke kwana a kan motar da ba ta taɓa motsawa ba. Idan aka kira sallar magariba masallatai suka haɗa murya, sai in ji kamar in rufe ido in buɗe in gan ni a tsakar gidanmu na Gwale, kakata tana ɗaure akuya.

Wuri ɗaya ne a garin nake shiga ba tare da gabana ya faɗi ba. Saidaliyyar da ke bakin babban titi, reshe ce ta wani kamfani mai rassa da yawa. Akwai sanyi a ciki, da ƙamshin sabulu. A bakin ƙofa akwai sikeli na awon mutum. Umma ba ta taɓa wuce shi ba. Sai ta cire takalmi ta hau, ta sunkuya ta duba, ta ce, "Ƙarya yake yi," ta sauka. Mai kula da wurin wata dattijuwa ce da kowa ke kira Doktora, tabarau a rataye a wuyanta da sarƙa, da ɗan ƙaramin zanen gicciye a cikin wuyan hannunta na dama. Umma ba ta jin Larabcin Misira, Doktora ba ta jin Hausa, amma sai su yi ta hira da hannu, suna dariya, ni ina tsakiya ina fassara abin da ya sauwaƙa.

Doktora ce ta yi wa Umma kati. Ɗan farin kati ne mai koren maciji a kusurwa. Duk abin da ka saya, a goga katin a na'ura, a tara maka maki. Idan makin ya taru, ka ɗauki kaya da shi. Ranar Talata kuma ninki ake bayarwa. Doktora ta karɓi fasfon Umma ta rubuta, ta goga katin, ta ɗora tabarau a hanci, ta karanta sunan da ya fito a allon kwamfuta da ƙarfi.

Na tsaya cak. Ban taɓa jin an kira Umma da sunanta na yanka a gabana haka ba. A gida Abba cewa yake "ke" ko "kina ina". Mata suna ce mata Maman Nafisa. Ni kuwa an tashe ni a kan ba a faɗin sunan uwa, ko wata na gamu da ita mai irin sunan sai in ce mai sunan Umma. Ko a wannan rubutun ba zan saka shi ba. Amma ga wata baƙuwa ta faɗe shi gaba ɗaya, har da na kakana, tana jan tsakiyarsa yadda Misirawa ke yi. Umma ta yi dariya ta rufe baki da gefen hijabi, kamar yarinyar da aka kira a aji.

Haka Doktora take yi wa kowa. In ta goga kati sai ta karanta sunan, ta ɗago ta dubi mai shi, sannan ta ci gaba.

Umma ta riƙe katin nan kamar sana'a. Duk wata ana fito da takardar rangwame mai hotuna, sai ta shimfiɗa ta a kan tabarma, ni ina karanta mata rubutun, ita tana zagaye abubuwa da biro. Ba ta sayen ko man goge baki sai ranar Talata. Idan sabulu ya ƙare ranar Laraba, sai mu yi ta manna guntaye har mako ya zagayo. Daga nan ta shawo kan Tanti Fati ta riƙa ba ta sautun famfas da madarar Amira a saya da katinta. Sai matan ɗalibai na benen da ke kallonmu suka shigo, sai wata 'yar Sudan mai jin Hausa. Ranar Talata da la'asar falonmu yakan cika da leda. Umma ta kafa doka ɗaya: ba a taɓa makin don turare ko man shafawa. Na ciwo ne. Duk gidan da rashin lafiya ta shiga, a je a ɗauko magani da shi.

Tanti ta ce, "Kun gani ko? Bakanuwa ta zo Misira ta kafa adashe a bakin maciji."

Sunan ya bi shi. Adashen maciji. Da shi aka yi wa wata maganin jego, da shi aka sayi abin ɗaure gwiwa na mijin 'yar Sudan da ya faɗo daga tuktuk, a-daidaita-sahunsu na can.

A shekara ta biyu garin ya ƙara rikicewa da zanga-zanga. Ranar Juma'a ana rufe hanyoyi, Abba ya hana mu leƙa taga. Wuta kuma ta fara ɗaukewa, ga zafi a hawan ƙarshe kamar cikin tanda. Allurar Umma ba ta son zafi. Wata rana Doktora ta tambaye ni ina muke ajiye ta idan babu wuta, na ce a cikin kwanon ruwa. Ta girgiza kai. Su suna da janareta. Daga ranar kwalin allurar yake zama a firjinsu, ta manna masa farin salatif ta rubuta sunan Umma. Idan kwalbar gida ta kusa ƙarewa, sai in biya daga makaranta in karɓo wata.

Ciwon ya taɓa ƙodarta a bazarar 2013. Ta daina sauka daga benen. Ni nake zuwa da katin, da sautun kowa a kaina. Doktora ta goga, ta karanta sunan, ta dube ni, ni kuma in ce, "Aiwa," wato eh. Idan na dawo Umma ta ce, "Ta kira ni?" In ce ta kira. Ta ce, "To, ina nan ke nan."

Ta rasu a asibiti da hantsi, ina makaranta.

Ba a kai gawa gida, ba mu da halin haka. Ɗalibai 'yan uwan Abba suka yi mata salla, aka ɗauke ta a mota zuwa wata maƙabartar sadaka a hanyar hamada, inda ake binne baƙi. Mata ba su je ba. Da Abba ya dawo, ƙura har gira, na tambaye shi ko an saka alama. Ya ce, "Allah Ya san inda take, Nafisa." Daga ranar ya koma ce mata marigayiya. Matan unguwa suka koma cewa mai rasuwa. Ko Maman Nafisa ɗin ma aka daina.

Na sami katin a ƙaramar jakarta, tare da tsinken sakace da alewar da take ajiyewa saboda faɗuwar suga. Bayan an yi sadakar arba'in Tanti ta hawo ta zauna a bakin katifata. Tana wasa da zaren tabarma ta fara magana.

"'Yata, Talata ta yi ta wucewa. Uwarki ba za ta so adashenta ya mutu ba. Ki ci gaba da zuwa. Amma kar ki ce musu komai, in suka ji mai katin ba ta da rai, rufewa za su yi, makin kowa ya bi ruwa."

Na je. Na miƙa katin. Doktora ta goga, ta ɗora tabarau, ta karanta sunan. Ta ɗago ta dube ni, ta ɗan daɗe fiye da yadda ta saba. Na ce, "Aiwa." Ta zuba kayan a leda.

Na fito na tsaya a jikin bango. A duk faɗin garin nan, da mutanensa da ba sa ƙirguwa, nan ne kaɗai ake faɗin sunan Umma kamar tana gida tana jiran saƙo. Na fara zaɓar lokacin da babu layi, don in ji shi sosai. Wani lokaci in raba sautun gida biyu, in dawo da yamma kamar na yi mantuwa. In na hau matakala da ledojin, a kowane hawa sai in ga kamar yanzu ta saki ƙarfen, har in kai hannu in ji ko da ɗumi.

Canjin bai zo a rana ɗaya ba. Da farko aka cire ninkin Talata. Tanti ta ce to su ci kansu. Bayan 'yan watanni aka ce magani da madarar yara ba sa kawo maki, sai kayan kwalliya da turare, abubuwan da ba ma saye. Matan benen gaba suka janye, suka koma saro sabulu da man jarirai a Ataba, inda ya fi araha. Ɗaya ta sayo mai a kwalba irin ta asali sak, ta shafa wa ɗanta, jikinsa ya feso da ƙuraje. Ta dawo ta ba ni sautu tana ƙunƙuni. Takardar rangwame ma aka daina bugawa, wai sai a waya ake turowa. Falonmu ya daina cika ranar Talata.

Sannan aka kawo sabuwar kwamfuta, da wani saurayi mai gashi a tsaye yana sheƙi. Doktora ta koma can ciki wajen haɗa magani, bayan gilashi, sai dai in hango saman kanta. Saurayin ba ya karanta suna. Ya goga, na'ura ta yi ƙara, ya ce, "Na gaba." Ranar farko na tsaya ina jira, har matar da ke bayana ta taɓa ni da jaka.

Makin da aka tara tun zamanin Umma yana nan, ba a taɓa shi ba, domin akwai abin da muke hari. Amira ta tashi da asma. Da sanyi ya shigo, ta cikin daɓen ɗakina nake jin numfashinta da asuba, kamar ana busa ta cikin kara. Idan ya tashi, Tanti ta goya ta ta ruga asibitin unguwa a saka mata injin shaƙa, wanda ke mayar da magani tururi. Wata Juma'a an rufe titi, babu mota babu tuktuk, ta tafi da ƙafa, kafin su isa leɓen yarinyar ya canza launi. Irin wannan injin, ƙarami na gida, yana cikin akwatin gilashi a saidaliyyar. Duk zuwa sai na dube shi. Makinmu ya kai, ko ya kusa.

A farkon sanyin 2014 na tarar da sanarwa a jikin ƙofa. Na karanta ta har na haddace. Tsofaffin katuna za su daina aiki a ƙarshen wata. Za a koma sabon tsari mai haɗe da lambar waya. Duk mai son kwashe makinsa ko mayar da shi sabon kati, ya zo da kansa da shaidarsa. Wanda bai zo ba, makinsa ya ƙone.

Na nuna wa saurayin injin, na miƙa katin. Ya ce, "Ke ce mai shi?" Na girgiza kai. Ya ce, "Ta zo da kanta." Ya ture mini shi da yatsa.

Da na gaya wa Tanti, ta zauna a kan buhun shinkafa ta yi tagumi. Amira tana ƙasa tana wasa da murfin tukunya, kafaɗunta suna ɗagawa da kowane numfashi. Kasuwa ta tsaya wa mijin Tanti a shekarar, kaya sun maƙale a hanya, ba maganar sayen inji.

Can ta ce, "Hijabin uwarki mai ruwan goro yana nan?"

Na ce yana cikin akwati.

"Ɗauko. In saka shi, in ɗaura niƙabi. Ke ki yi magana, ki ce maƙogwarona ke ciwo. In ya tambayi fasfo ki ce yana ofishin iƙama wajen sabunta izinin zama, wa ya taɓa ganin fasfonsa a hannunsa a garin nan? Kar ki gaya wa malam babanki, yanzu ya buɗe mana littafi."

"Tanti, kin fi ta tsawo."

"Sai in rusuna. Yaron nan ya taɓa ɗaga kai ya kalli mutum?"

Washegari da la'asar, Abba yana ɗakin karatu, na buɗe akwatin. Ƙamshin humrarta ya taso gaba ɗaya, sai da na zauna. Na kai wa Tanti hijabin a ninke, ban tsaya na ga ta saka ba. Na jira a saman matakala. Da ƙofarta ta buɗe, Umma ce ta fito. Ta juya mini baya, ta dafa ƙarfe, ta fara sauka a hankali. Akwai ɗan ƙonewar guga a gefen hijabin ta baya, wanda ni na yi ina koyo, ga shi nan yana lilo. Na san Tanti ce. Na san da hannuna na kai mata. Duk da haka bakina ya buɗe zai ce ta jira ni in riƙe mata jaka.

Ta waiwayo, ta cikin niƙabin muryar Tanti ta ce, "Yalla mana, ko sai an rufe?"

A hanya na bi ta a baya. Mai gurasa na bakin layinmu ya ɗago ya gan ta, ya ajiye abin da ke hannunsa, ya bi mu da ido har muka sha kwana.

Babu kowa a saidaliyyar sai wani tsoho da ke zaɓar sanda. Tanti ta wuce sikelin ta nufi teburin sayarwa. Na ajiye katin. Saurayin ya ce, "Na'am?"

Na nuna ta. Da ƙyar na ce, "Mamata ce. Ta zo."

Ya ce fasfo. Na ce yana ofishin iƙama. Ya ce to kwafinsa. Na ce babu. Ya danna wani abu, ya juyo da allon ya nuna mana wani jan akwati, ya ce kwamfuta ba ta wucewa sai an saka lamba. Ya ce ba laifinsa ba ne, daga sama aka turo. Ma'alish.

Tanti, mai ciwon maƙogwaro, ta manta. Ta buga teburin da tafin hannu ta fara zuba masa Hausa da Faransanci a haɗe. "Kai ɗan nan, shekara nawa muna zuba muku? Famfas ɗin da na saya a nan ya isa ya cika shagon ubanka. Wai kwamfuta. Kwamfutar ce ta goya yarinya ranar Juma'a?"

Ƙofar gilashi ta buɗe, Doktora ta fito tana goge hannu. Ta ce wa saurayin ya je ya taimaki tsohon can da sandarsa. Ta tsaya ta dubi hijabin, daga kafaɗa har inda ya tsaya a ƙaurin Tanti. Ta dubi sikelin. Sannan ta ce a hankali, "Ya yi miki gajarta, madam."

Tanti ta dube ni. Na fassara mata. Ta ɗaga niƙabin, fuskarta jiƙe da gumi.

Doktora ba ta ƙara kallonta ba, ni ta kalla. Ta ce in zagayo ta gefe. Ta buɗe firjin, ta tura hannu can baya, ta fito da ƙaramin kwali. Salatif ɗin ya fara ɗagowa a gefe, rubutun ya ɗan baje saboda danshi.

Ta ce, "Wannan ya daɗe da lalacewa. Da na ga mako ya wuce, wani ya wuce, ba ki zo ɗauka ba, na sani. Mai wannan ciwon ba ta hutu da allura. Da kika dawo da katin na jira ki faɗa. Ba ki faɗa ba, kin ce aiwa. Na ce yarinyar nan tana da dalilinta." Ta juya kwalin a hannunta. "Duk wata in na zo share firji sai in ce yau zan jefar."

Ta yi mini ta'aziyya irin tasu, ta ce sauran kwanan ya tabbata a gare ni. Tanti ce ta ce amin da ƙarfi, ba tare da ta san me aka ce ba.

Doktora ta tambayi abin da muke so. Na nuna akwatin gilashin, na gaya mata labarin Amira da Larabcina na makaranta, ina tuntuɓe. Ta zauna a gaban kwamfutar, ta saka tabarau, ta yi ta dannawa da yatsa ɗaya. Ta ce mayar da makin sabon kati ba zai yiwu ba, wannan ya fi ƙarfinta. Amma a matsayinta na shugabar reshe tana da ikon shaida cewa ta san mai kati ta kuma san wadda aka aiko. Za ta kwashe makin duka yau. Ta ce, "Kin gane? In na yi, katin ya rufu. Sunan zai fita daga na'ura, katin kuma zan karɓe shi." Ta nuna wani kwali a ƙarƙashin teburin, cike da fararen katuna, an huda kowanne.

Na dubi Tanti. Ba ta ji abin da aka ce ba, amma idonta yana kan injin, hannayenta a dunƙule cikin hijabin Umma.

Na ce, "Na gane."

Makin ya ɗan gaza. Doktora ta duba kwalin injin, ta gano inda ya lotsa a kusurwa, ta ce kaya mai lahani yana da nasa rangwamen. Ta sa saurayin ya ɗauko, ta buɗe ta nuna wa Tanti yadda ake zuba magani da yadda ake ɗaura wa yaro a fuska. Tanti ta rungume kwalin, tana ta godiya da duk yaren da ta sani. Ta ce da ni, "Taso mu je, na bar Amira wajen mutane."

Mun bar Misira a shekarar da ta biyo baya, bayan Abba ya kammala. Har muka taho ban ga kabarin ba. Amira kuwa na bar ta tana tsere a matakala. Yanzu ina aji na ƙarshe na sakandare a Kano, kuma a nan ma ba mai faɗin sunan, kakata sai ta ce 'yar nan tawa. Shi ya sa nake yawan komawa wannan la'asar ɗin.

Tanti ta kai bakin ƙofa, ni ban motsa ba. Katin yana kan teburin, Doktora ta ɗauko abin hudawa. Allon kwamfutar yana jiran dannawa ɗaya. A tsawon zamana a garin ban taɓa roƙon Bamisire komai ba, ko hanya ban taɓa tambaya ba. Na ɗora yatsuna a gefen katin.

Ta ce, "Akwai wani abu, habibti?"

Na ce, "Doktora, don Allah, kafin ki danna. Ki karanta shi da ƙarfi yadda kike yi da, har da na babanta, sannan ki ɗago ki dube ni. Ni ba na iya faɗarsa."